Na Hau Rufin Ɗakina da Tef a Hannu

Jama'a, yau mutanen garinmu Basirka sun ga mace a kan rufi, kuma ni ce!

Iskar shekaranjiya ta yaye min kwano biyu. Malam Sabo kafinta ya sayo sabbi daga Birnin Kudu, ya ɗora, suka ƙi zama a kan tsofaffin! Ya ce, "Hajiya, zan danne da guduma, ai kwano kwano ne." Na ce wallahi ba a ɗakina ba, ga damina, ga buhunan gero a ciki!

Na karɓi tef ɗinsa na awo, na ɗaure zani, na taka tsani. Maƙwabcinmu Baba Audu ya hau salati: "Sauko, Hajiya, abin kunya ne!" Na ce, "Baba, in geron ya jiƙe, kunyar za mu ci?"

Na auna daga tudu zuwa tudu a jikin kwanon, na auna zurfin kwarin. Tazarar sabon ta fi ta tsohon da yatsa guda! Malam Sabo ya duba da idonsa. Ya rufa mana tamfal, ya tafi canjowa.

Tef dai yana hannuna. Duk kwanon da ya kawo, sai na auna kafin ƙusa ta taɓa shi!