Gaisuwar ɗakin sanyi

Kawuna mahauci ne, yana da ɗakin sanyi a bayan layin masu soya, wato masu tsire, a unguwar Briqueterie. Ni kuwa kwamfuta na karanta, shi ya sa duk abin da ke da waya a gidanmu ni ake kira. Na rubuta masa wani ɗan shiri a tsohuwar kwamfuta: yana duba sanyin ɗakin, ya tura saƙo wayar Kawu cewa komai lafiya. Idan ɗumi ya fara shiga, ya yi kururuwa. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Matsalar ita ce Kawu ba ya iya ganin gaisuwa ya ƙyale. Duk saƙon da ya shigo sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya rubuta amsa, har da tambayar gajiya. Na ce masa babu mutum a can. Ya ce ya sani, amma shi ba a haka aka rene shi ba. Da abin ya ishe shi, ya ce in hana kwamfutar gaishe shi, ta yi magana kawai idan akwai matsala. Na yi gardama, ya kalle ni kallon da ake wa yaro mai baki, na cire gaisuwar.

Sai Babbar Sallah ta zo. Maƙwabta suka yi ta kawo naman layyarsu ajiya, har daga unguwannin Ekoudou da Nkomkana, kowa da ƙullinsa. Kawu bai karɓi kuɗin kowa ba, amana ce. Ya rufe ɗakin, muka shiga ziyarce-ziyarce.

Ranar yawon Sallah aka yi ruwa mai ƙarfi, wuta ta ɗauke ta dawo, ta sake ɗaukewa. Wayar Kawu shiru. Washegari ma shiru. Ya riƙa nuna mini ita yana murmushi, wai ga zaman lafiya. Ni dai ban yarda da shirun ba, don na san shirin da ya mutu da wanda ba shi da abin faɗa, shirunsu ɗaya ne. Na ce mu leƙa. Ya ce baƙi na hanya, a bari sai an watse.

Da muka je da hantsi a rana ta uku, tun daga bakin lungu na ga ƙudaje a jikin ƙofar, manya, masu kore. Injin sanyin ba ya ƙugi. Kwamfutar na kunne, amma tun ɗaukewar farko ta tsaya tana jiran wani ya danna mata maɓalli. Na durƙusa na tashe ta, na saita shirin ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da wuta ta dawo. Nan take wayar Kawu ta hau kururuwa a aljihunsa. Bai ciro ta ba.

Ya buɗe ƙofar kaɗan, ya mayar. Ban ga ciki ba, hancina ya riga ya gaya mini. Tsoro ya kama ni, na zaci zai yi faɗa. Sai ya gyara hularsa.

"Courant ɗin ba zai je ya ba mutane haƙuri ba," ya ce, yana nufin wutar lantarki. "Tashi, ɗana. Gida-gida za mu bi."

Muka fara da gidan wata tsohuwa da ta shekara tana kiwon ragonta. Da muka yi sallama ta fito da fara'a, da roba a hannu.