Baftismata a Kududdufin Bayan Coci

Tsohon faston da muke kira Baba ya shekara da yawa yana shugabantar makarantar tauhidi ta 'yan Baftis, inda ake horar da fastoci. Da ya yi ritaya sai ya dawo ƙauyenmu, kusa da Faskari, da akwatunan littattafai da rediyo mai ɗaurin roba. Shi ya koyar da mahaifina, shi ya yi wa iyayena baftisma. Ni ma hannunsa nake so.

Amma a cocinmu ba a tsoma mutum a ruwa sai ya tashi gaban jama'a ya faɗi bangaskiyarsa da bakinsa. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Duk tashin da na yi, sai in tsaya ina kallon farcen ƙafata har a ce in zauna.

Wata rana na same shi yana ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya. Na ce, "Baba, in faɗa maka kai kaɗai mana."

Ya ce, "Uwargida, ni ban isa ba. Ikilisiya ke karɓar mutum. Ni aikina jiƙa ki kawai."

Daga nan ɓarayin daji suka matsa mana. Gidaje suka riƙa tashi, wasu Funtuwa, wasu Zariya. Ƙawata da muke zama benci ɗaya ta tafi ba mu yi sallama ba. Zanzaro ya yi gini a jikin gangar mawaƙa. Rannan na ji 'ya'yan Baba za su zo su ɗauke shi.

Lahadinsa ta ƙarshe a coci, daga iyayena sai tsofaffi mata biyu da mai gadi. Na tashi. Muryata ta riƙa dawo mini daga bangon. Ɗaya tsohuwar ta ce, "Mi ta ce?" Baba ya ce, "Maimaita mata, ita ma ikilisiya ce." Na maimaita da ƙarfi.

Rafi ba ya zuwuwa, sai muka shiga kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Ruwan ja ne, da ɗumi. Baba ya tallafi ƙeyata ya tsoma ni, mahaifina ya riƙe shi ta baya kada ya zame. Na ɗago babu waƙa, don babu mai ba da ita.

Da Litinin na dawo daga makaranta na tarar an kulle ƙofar Baba da kwaɗo, sawun mota ya bi ta kan ɓawon gyaɗa.