Keken Malam Da Ba Ya Tsatsa

"Malam, wannan ba ƙarfen da na sani ba ne."

Ina tsakar gida ina tsince wake na ji mai walda yana faɗa wa maigidana haka a zaure. Keken da ƙaninsa ya aiko masa daga Legas ne ya tsage a gindin sirdi.

Ba zan ɗauki alhakin keken ba. Taitaniyam aka ce sunan ƙarfensa. Ba shi da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in zan yi shara. Ya sha ruwan damina, ko ɗigon tsatsa babu. Sai dai don mutum kaɗai aka ƙera shi, Malam kuwa ya ɗaura masa kariyar ɗaukar kaya a baya yana ɗauko buhun masara daga gonarsa ta Zandam.

Mai waldan ya ce wutarsa ba ta kama irinsa, ko a Birnin Kudu bai san mai iyawa ba.

Malam ya ce, "Amma ƙanina ya ce har jikokina sai sun gaje shi."

"Za su gada, Malam. Hawa ne dai ban yi alkawari ba."

Ga masara jibge a gona, tsohon baƙin kekensa kuma tuni Malam ya kyautar wa ladan. Da ya so ya karɓo, na tuna masa ba a janye kyauta. Yanzu kullum aronsa yake zuwa wurin ladan.

Sabon kuwa darduma nake shanyawa a kansa, kuma ba ya ɓata ta.

Wanda ya san mai waldar irinsa, don Allah ya yi magana kafin ladan ya gaji.