Rumfar da Na Yi wa Robar Dakta

Har yau ban manta da ranar da na kusa rasa aikina saboda zana guda ɗaya ba. Ranin shekarar da aka canza kuɗi ne. Ina lebura a gonar gwaji ta wajen Kadawa, a ƙasar Kura. Sama da lebura akwai helma, sama da helma akwai ofisa. Helmanmu Malam Sale ne.

Wani dakta ya zo daga jami'a da gilasai kamar tafin hannu, an shafe su da wata baƙar roba. Ya ce wuta take yi da rana. Na ce roba dai? Ya ce haske na bugunta, wani abu ya ɓalle a ciki, ta miƙa wa shafin da ke ƙasa, shi kuma ya miƙa wa waya.

"Kamar babbar hanyar ruwa ta ba ƙarama," in ji shi. "In ba a karɓa da wuri ba, ya koma."

Wannan na gane.

Ya jera su a tebur a fili, ya ja waya zuwa ofis, inda wani inji ke zana ƙarfin wutar a takarda. Zai tafi Kano kwana uku. Ya ce, "Baba Ilu, ka kula da su kamar irin tumatir."

To. Irin tumatir ba a barinsa da ranar tsaka. Kullum hantsi ya yi sai in kafa musu zana, la'asar in cire.

Ya dawo, ya duba takarda, ya kama murna. Layi ya hau da safe, ya faɗi da hantsi, ya tashi da la'asar. Kwana uku haka. Ya ce zafin Kura ne ke hana robar miƙa wuta, kuma ba wanda ya taɓa ganin haka. Ya zauna rubuta wa Turawa wasiƙa.

Malam Sale ya ja ni gefe. "Ilu, 'ya'yanka shida. Ka yi shiru."

Na yi shiru har azahar. Sai na ɗauki zanar, na shiga ofis, na jingina ta da teburinsa.

"Ranka ya daɗe, ga zafin Kura."

Ya dube ni, ya dubi zana. Sannan ya ce, "Ruwa fa? Ka ba su?"

"Na so. Na ga waya."

Ya yaga wasiƙar. Ofisa ya ce a sallame ni. Dakta ya ce a'a, da wasiƙar ta tafi, shi za a sallama. Aka mai da ni yashe kwata wata biyu.

Ku sababbin leburori, ku ji. Masu ilimi suna son misali, mu kuma da hannu muke ɗaukarsa. In sun ba ku amanar abu, ku tambaya me yake ci tukuna.