Injiniya da Wayar Marigayiya

Mijin yayata bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba, amma duk kasuwar waya Injiniya ake kiransa. In ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya yi kamar da wani kake. Ofishinsa, kamar yadda yake kiran wurin, tebur ne guda a ƙarƙashin matakalar wani bene, da kwamfuta mai fasasshen murfi da aka ɗaure da salatif, da kebul kala-kala a rataye jikin ƙusa. Duk wanda ya hau benen sai ƙura ta zubo masa a kofin shayi.

Gyaran rediyo ya gada wajen babansa. Da mutane suka daina kawo rediyo ya koma agogo, daga agogo ya faɗa waya. Abin da ya fito da sunansa shi ne buɗe makulli. Wayar zamani in aka goge ta kaf, ba ta yarda ta buɗe sai an sa mata imel da kalmar sirrin mai ita. Masu ƙera ta sun yi haka ne don ɓarawo ya sha wahalar banza. Bayin Allah, ba su san da Injiniya ba. Ya soka kebul, ya danna nan ya danna can, kafin shayinsa ya huce waya ta manta da uban gidanta.

Masu kawo masa aiki kuwa babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsu. Dukkansu magada ne. Wannan kakarsa ce ta rasu ta bar waya, wancan kawunsa. Tsofaffi masu sababbin wayoyi dal, da hoton ɗan ƙwallo manne a baya. Injiniya ya ce “Allah ya jiƙan rai,” hannunsa tuni yana kan kebul.

Na taɓa ce masa, “Yaya, kai ba ka tambayar inda aka samo?”

“Ni ɗan sanda ne? Likita yana tambayar mara lafiya inda ya kwaso ciwo?”

“Yana tambaya mana.”

“To ni ba irin wannan likitan ba ne.”

Wata Laraba aka zare wayar yayata daga jaka a cikin bas, tana dawowa daga makarantar da take koyarwa. Maimakon jaje, lacca ta sha. Injiniya ya yi mata bayani dalla-dalla yadda mai hankali ke riƙe jaka, ya rufe da cewa mata ba su da kula.

Washegari da hantsi ina zaune a bencinsa, na kai tawa wayar da ta ƙi caji, sai ga wani mutum fes da shi, yana ƙamshin turare, fuska a marairaice. Ya ajiye waya a teburin.

“Ta matata ce,” ya ce. “Allah ya yi mata rasuwa makon jiya, kuma ban san kalmar sirrinta ba.”

“Allah ya jiƙan rai,” in ji Injiniya. Ya ɗauki wayar ya juya ta, sai na ga ya tsaya. Gilashinta a karkace yake, gam ya bushe a kusurwa, ga tabon ƙuna a gefen wurin caji. Duk kasuwar nan mutum ɗaya ne ke irin wannan aikin, ya kuma kira shi gyara.

“Me ya same ta?” ya tambaya a hankali.

“’Yar gajeriyar rashin lafiya.”

“Ikon Allah. Ni kuwa da safen nan na baro ta tana wanke-wanke tana tsine wa ɓarawo.” Ya nuna ni. “Ga ƙanwar marigayiyar nan, ka yi mata gaisuwa.”

Ban taɓa ganin mai jimami da gudu irin na mutumin nan ba. Kafin Injiniya ya fito daga bayan tebur, ya buga kansa da matakala, ya gama ihu, mutumin ya ɓace a cikin kasuwa.

Tare muka koma gida, yana tafe yana buɗa kafaɗa. Sai dai an riga an goge wayar, tana neman imel da kalmar sirri.

“Ai kai ne ka buɗe min imel ɗin tun farko,” yayata ta ce. “Kai ka sa kalmar.”

Ya ce ya rubuta a takarda. Takardar kuwa ya ƙunshe wa wani ƙananan kusoshi a ciki tun bara. Lambar wayar da ya sa don ceto imel ɗin a irin wannan ranar ta wani tsohon layinsa ce da ya yar. Amma ai shi Injiniya ne. Ya soka kebul, ya tsallake makullin, ya miƙa mata waya da hannu biyu.

Ta duba nan, ta duba can. Fayau, babu komai.

“Ina muryar Inna?”

Saƙonnin muryar mahaifiyarmu take nufi, waɗanda ta turo mata daga gadon asibiti kafin ta rasu, da hotunanta. Suna can a ajiye a imel ɗin da ba wanda ya san hanyar shigarsa. Injiniya ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu.

“Wannan aikin kake yi da wayoyin mutane kullum?”

Ranar ce kaɗai na ga ya rasa lacca.

Da sati ya zagayo ya manna takarda a jikin teburinsa: ba rasit, ba buɗewa. Masu kawo aiki suka karanta, suka yaba masa ƙwarai, suka matsa zuwa tebur na gaba. Yanzu canza batir yake yi, da share ƙura daga wurin caji.

Kullum in ya dawo gida sai ya zauna ya gwada kalma biyu ko uku, ko Allah zai sa a dace. Ya gwada shekarar haihuwarsa, lambar babur ɗinsa, sunayen yara, da Injiniya a rubutu iri uku. Rannan yayata ta ce ya gwada sunanta. Ya gwada, ba shi ba ne. Ta ce dama ta sani.