Yadda na ji karatun jikata

"Baba, talabijin ɗin nan ta tsufa, ba ramin da wayar sifikar za ta shiga," in ji Malam Sani mai gyara.

Kunnena ya yi nauyi, shi ya sa 'yata ta aiko doguwar sifika, ga shi bayan la'asar za a nuna jikata Hafsatu a musabaƙa.

Matata Hajiya ta yi magana daga bayan labule: "Malam Sani, tashar ba ta dikoda take shigowa ba? Juya bayan dikodar mana!"

Ya juya, sai ga rami. Ya soka, yana sosa ƙeya.

Alhamdulillahi, na ji karatun Hafsatu harafi-harafi, har inda take jan numfashi.

Ku wa ke fisshe ku a gida idan gwani ya gaza?