Zoɓon Maman Godwin a Wuyan Tracy

Duk wanda ya taɓa jiran mota a Sabon Tasha da rana tsaka ya san kular zoɓon Hadassah, wadda kowa ke kira Maman Godwin. 'Yar Zonkwa ce. Ta zo Kaduna wurin yayarta tun tana budurwa, ta koyi dafa zoɓo, ta tsaya a kansa. Nata ya fita daban: ja wur, mai kauri, citta da kanumfari daidai harshe.

A coci ta haɗu da Ernest, ma'aikacin wani kamfani a Kudenda. Shi ne Shaiɗan a kowace diramar matasa, saboda tsayinsa da fiƙoƙinsa biyu da ke leƙowa in ya yi dariya. Sauran 'yan mata tsoronsa suke ji. Ita kuwa abin da ya kwantar mata da hankali ke nan, ta samu mijin da ba wadda za ta sake waiwaya.

Haka suka zauna lafiya har Kevin, mai ɗaukar bidiyon biki a Narayi, ya ce zai yi fim. Labarin mafarauta ne masu tsalle daga rufi zuwa rufi, suna yaƙi da matattu masu shan jinin mutane. Sarkin masu shan jinin ba sai an nema ba, Ernest ne. Jinin kuma wurin Hadassah aka zo saye. Ta dafa zoɓo da sukari har ya kama cokali, ta ɗauka da kanta ta kai kangon da suke aiki.

Tana shiga ta tarar da mijinta cikin baƙar alkyabba, ya guntsi zoɓonta, ya rungumo Tracy mai gyaran gashi, ya kifa kai a wuyanta.

"Oga Ernest, gemunka na yi mini cakulkuli," in ji Tracy tana ƙyalƙyala dariya.

"A sake," in ji Kevin.

Aka sake. Aka kuma sakewa. Hadassah na tsaye da bokiti a hannu, ba wanda ya ce mata ko sannu.

A gida ta ajiye masa tuwo da ƙarfi.

"Baban Godwin, wuyan nan dole sai ya zama na mace?"

"Haka darakta ya tsara."

"Mazan Narayi ba su da jini ne?"

"Haba Mama, aiki ne fa. Bakina ma da ƙyar yake taɓa ta."

"Da ƙyar. Ni da aka ɗaura mana aure a gaban Fasto, yaushe rabon da ka tallafo kaina haka a hankali?"

Ernest ya ci gaba da cin tuwonsa.

Washegari ta jajjaga attarugu mai yawa, ta tace a cikin jinin. Lissafinta shi ne, wanda bakinsa ke ci da wuta ba zai daɗe a wuyan kowa ba.

Ernest ya guntsa bayan an kunna kyamara, ba halin tofarwa. Idanunsa suka kaɗa jajir, hawaye na zuba, jijiyoyin goshinsa suka tashi, wani gurnani ya fito daga ƙirjinsa. Da jinin ya sauka a wuyan Tracy, ihun da ta yi ba na wasa ba ne. Mafarauta biyu da ke jira a bayan ƙofa suka manta da shigowa.

Kevin ya daɗe yana kallon abin da ya ɗauka. "Wannan ba za a kashe shi a tsakiyar fim ba," ya ce. "Sai ƙarshe. Za mu ƙara masa cizo."

Tracy ta ɗauki jakarta, wuya duk ya yi ruɗu-ruɗu. Ta tsaya gaban Hadassah.

"Anti, da kin tambaye ni, da na gaya miki ni wari ma alkyabbar nan take mini. Ga mijinki nan."

Labari ya zaga Narayi, ba yarinyar da ta yarda ta maye gurbinta. Kevin ya zo har gindin kula yana ƙorafi fim zai mutu, ga Ernest a gida ya daina magana sai gaisuwa.

"Wuya kake nema?" in ji Hadassah. Ta zame gyalenta. "Ga shi."

"Madam, amma jinin sai irin na ranar nan. In idonsa ya canza, masu kallo za su gane," in ji Kevin.

"A rage attarugun ko kaɗan, don Allah," in ji Ernest da aka gaya masa.

"Ko ƙwaya," in ji Kevin.

Ranar ɗauka, Ernest ya tallafo kanta a hankali, ya sunkuyo yana hawaye. Zafi ya ratsa ta har kunne. Ta cije leɓe, ta riƙe alkyabbar gam.

"A sake," in ji Kevin.

Ita ta fara gyara tsayuwa.

Yanzu fim ɗin yana yawo a wayoyin mutane, 'yan mata kan tare Ernest a Sabon Tasha su ce a yi hoto da su. Ba ta hanawa. Takan rufe kula, ta zo ta shiga tsakiya, ta ɗan karkata wuya yadda tabon attarugun zai fito.